Auna Iskar Hiliyam Daga Ƙasa: Ina Rabon Ƙasar Pauwa A Sararin Samaniyarta?

A shekarar 2022 an yi wasu abubuwa biyu a fagen binciken sararin samaniya, waɗanda kafofin watsa labaranmu suka tsallake kamar ba a yi ba, alhali kuwa sun shafe mu fiye da yadda muke zato. Na farko, ranar 3 ga Fabrairu, kamfanin SpaceX na ƙasar Amurka ya harba taurarin ɗan Adam 49 na sadarwar Starlink. Washegari sai wata guguwar maganaɗisu da ta taso daga rana ta riski duniya, cikin 'yan kwanaki 38 daga cikin taurarin nan suka rikito suka ƙone ƙurmus a cikin iska. Na biyu, a cikin wannan shekara ce wasu masana na Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta ƙasar Jamus suka bayyana a mujallar kimiyya ta Nature Communications cewa sun auna iskar hiliyam har zuwa nisan kilomita 750 a sama, suna zaune a ƙasa, a wani ɗan gari kusa da birnin Munik, ta hanyar harba hasken leza. Abu na farko asara ce ta miliyoyin daloli da ƙarancin sanin halin iskar can sama ya jawo, na biyu kuma yunƙuri ne na cike wannan giɓi.

Abin da ya sa na ga dacewar kawo wannan magana a shafin da aka saba tattauna siyasa da tsaro shi ne, ƙasar Pauwa da maƙwabtanta, wato ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina, suna zaune ne a ƙarƙashin wani yanki na sararin samaniya da masana a duk duniya ke kwaɗayin aunawa. Wannan matsayi dukiya ne, kamar yadda farar ƙasar Ƙanƙara take dukiya. Idan ba mu koyi auna shi da hannunmu ba, wasu za su zo su auna, su naɗe kayansu su tafi da ilimin, kamar yadda aka taɓa yi mana a baya.

Na san mai karatu zai ce, yaya za a yi wa mutanen da aka hana noma, aka kore musu dabbobi, aka sace musu 'ya'ya, zancen wata iska da ke nisan ɗaruruwan kilomita a sama? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma zan dawo gare ta. Amma kafin nan ya kamata mu fahimci abin da Jamusawan nan suka yi, da dalilin da ya sa suka yi shi.

Iskar da muke shaƙa gamin gambiza ce. Kimanin kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, hiliyam kuwa bai wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Daga doron ƙasa zuwa kimanin kilomita 100, waɗannan iskoki a cuɗe suke kamar furar da aka dama. Daga nan zuwa sama sai su fara rabuwa bisa nauyinsu, kamar yadda mai shiƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi: masu nauyi su tsaya ƙasa, marasa nauyi su yi sama. Saboda hiliyam na daga cikin mafi sauƙin nauyi, da zarar an haura kilomita 500 zuwa 600 sai ya fara rinjayar sauran, musamman a shekarun da rana ta lafa. A wannan shiyya ce dubban taurarin ɗan Adam ke shawagi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kimanin kilomita 400, taurarin Starlink suna wajen kilomita 500, taurarinmu biyu kuwa, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, waɗanda aka harba daga Rasha ranar 17 ga Agustan 2011, an ɗora su ne a nisan kimanin kilomita 700.

Shi kansa hiliyam tarihinsa abin mamaki ne, domin a jikin rana aka fara ganin alamarsa kafin a same shi a ƙasa. A husufin ranar 18 ga Agustan 1868, wani Bafaranshe mai suna Pierre Janssen ya nazarci hasken gefen rana daga garin Guntur na Indiya, a shekarar kuma Baturen Ingila Norman Lockyer ya tabbatar da wani rawayen layi a hasken, wanda bai dace da wani sinadari da aka sani ba. Daga kalmar rana a harshen Girka aka raɗa masa suna. Sai a 1895 William Ramsay ya tatso shi daga wani dutse mai yuraniyam. A cikin ƙasa ake haifar hiliyam, yayin da yuraniyam irin wanda ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar da ɗan uwansa toriyam ke ruɓewa a hankali. Daga nan yake tsiyayowa, ya hau sama, daga bisani ya tsere wa duniya baki ɗaya. A 1961 masanin ƙasar Beljiyam Marcel Nicolet ya gano cewa hiliyam ne ke rage wa tauraron Echo 1 gudu fiye da yadda lissafi ya nuna. Tun daga lokacin aka san cewa wanda bai san yawan hiliyam ba, ba zai iya faɗin inda tauraronsa zai kasance gobe ba.

Matsalar ita ce aunawa. Balan-balan ɗin binciken yanayi ba ya wuce kilomita 30 zuwa 40. Roka takan ratsa wurin ne cikin 'yan mintoci ta faɗo. Tauraron ɗan Adam yana auna inda yake ne kawai, kuma ba ya tsayawa wuri guda. Saboda haka aka koma ga wata na'ura da ake kira lida, wadda aikinta ya yi kama da na amsa-kuwwa. Wanda ya tsaya a gindin dutse ya ƙwala kira, zai iya ƙiyasta nisan dutsen daga tsawon lokacin da muryarsa ta ɗauka kafin ta dawo masa. Ita lida haske take harbawa, gajere gajere, sannan madubin hangen nesa ya tattara ɗan abin da ya dawo. Da yake haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, zuwa da dawowa daga nisan kilomita 750 ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Shekaru da dama ana amfani da wannan dabara wajen auna sinadarin sodiyam da ƙarfe a tsakanin kilomita 80 zuwa 105, inda duwatsun sama ke ƙonewa su bar toka, waɗanda mukan gani da dare mu ce tauraro ya faɗi. Can sama da haka kuwa, abin da zai maido da hasken ya yi ƙaranci ƙwarai.

A nan ne hiliyam ya shigo. Hiliyam na yau da kullum ba ya amsa hasken da za a iya harbawa daga ƙasa. Amma hasken rana yakan fizge ƙwayoyin lantarki daga iskar sama, su kuma su bugi wasu 'yan ƙwayoyin hiliyam su ɗora musu ƙarin kuzari, wanda sukan iya riƙewa fiye da awa 2 idan ba su yi karo da wani abu ba. Waɗannan 'yan tsirarun suna haɗiye haske mai tsawon zangon nanomita 1083, wanda idon mutum ba ya gani, su sake tofar da shi. Yawansu bai wuce ƙwaya ɗaya ba a wurin da bai kai girman dunƙulen magi ba, alhali a nan ƙasa wuri mai wannan girma na ɗauke da ƙwayoyin iska kimanin biliyan sau biliyan 25. Tun a 1997 wasu masana a Amurka suka nuna a rubuce cewa aikin zai yiwu, amma sai da aka yi shekara 25 kafin a samu leza da na'urar gano haske da za su iya. Don mai karatu ya ƙiyasta, kilomita 750 ya haura ninki biyu na nisan Ƙanƙara zuwa Abuja a miƙe. Burin masanan shi ne nan gaba su riƙa auna zafi da gudun iska a wannan nisa a kowane dare.

To, mene ne amfanin sanin hakan? Rana tana da zagayen tashi da kwanciya na kimanin shekara 11, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka ba da sanarwar cewa zagayen da ake ciki ya kai ƙololuwarsa. Idan rana ta yi aman wuta, iskar sama takan yi zafi ta kumbura, sai tauraron da ke tafiya cikin sauƙi ya tarar da kansa cikin iska mai kauri. Abin da ya faru da taurarin Starlink ke nan a nisan kimanin kilomita 210, inda kamfanin da kansa ya ce turjiyar iska ta ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100, duk da cewa guguwar ƙarama ce. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 aka yi guguwa mafi ƙarfi tun bayan ta 2003, har manoma a Amurka suka ajiye taraktocinsu a tsakiyar lokacin shuka saboda tsarin gano wuri na GPS ya rikice musu.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce. Hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa ke fitarwa ya dogara da hotunan taurarin ɗan Adam. Jirgin da ke kwasar alhazai daga filin jirgin sama na Katsina da su yake gane hanya, haka jiragen yaƙi da marasa matuƙa da ke shawagi kan dajin Rugu. Mai safiyo da ke auna fili don takardar mallaka da su yake aiki, turakun wayar salula da yawa ma daga gare su suke daidaita agogonsu. A Janairun 2023 Starlink ta fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Mun riga mun rataya rayuwarmu a sama, sai dai ba mu san halin igiyar da muka rataya a jikinta ba.

Yanzu sai batun matsayin ƙasar Pauwa. Duniya tana da layin tsakiya iri biyu. Akwai wanda aka koya mana a firamare, wanda ya ratsa Gabon da Kenya, can kudu da mu. Akwai kuma layin tsakiya na maganaɗisun duniya, inda ƙarfin maganaɗisu ke kwanciya daidai da doron ƙasa. A wannan sashe na Afirka, layi na biyu ya karkato arewa, ya ratsa arewacin Nijeriya ba da nisa da Zariya ba. Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, waɗanda ke tsakanin digiri 11 da 12 arewa, suna bakin wannan layi. A samansu, wajen kilomita 105, akwai wani kogin lantarki mai faɗin ɗaruruwan kilomita da ke kwarara gabas a kowace rana. Bayan faɗuwar rana kuma, wasu manyan kumfa sukan taso a cikin iskar sama mai ɗauke da lantarki, su hau ɗaruruwan kilomita, su yamutsa saƙon da ke saukowa daga taurarin ɗan Adam. Abin ya fi faruwa daga bayan magariba zuwa tsakar dare, kuma bincike da dama ya nuna cewa Afirka na cikin wuraren da ya fi tsanani. Daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan kumfa akwai kaɗawar iska a can sama, wato ainihin abin da masu lidar hiliyam ke fafutukar aunawa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Nijeriya. Tun cikin shekarun 1950 Farfesa Cyril Onwumechili ya fara nazarin kogin lantarkin nan daga Ibadan, har sunansa ya zaga duniya a kansa. Ƙasar Peru, wadda layin ya ratsa ta kusa da birnin Lima, ta samu tashar bincike ta Jicamarca tun 1961, kuma har yau masana daga ko'ina can suke zuwa. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin iskar sama a Anyigba ta Jihar Kogi, Jami'ar Kyushu ta Japan kuma ta kafa na'urorin auna maganaɗisu a Legas da Ilorin da Abuja. Duk waɗannan wurare suna kudu da layin ne. Wanda ke son sanin faɗin kogi dole ya auna daga gaɓa biyu, mu kuwa muna zaune a gaɓar arewa mun naɗe hannu.

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi sau biyu. A 1961 Hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi sawun John Glenn ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da ya zagaya duniya sau uku. Ranar 23 ga Agustan 1963, Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta wayar tarho da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka gana ta wannan hanya. Da Amurkawa suka gama buƙatarsu sai aka rufe tashar, ba ta haifar mana da wata cibiya tamu ba. A 2006 kuma Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kawo tashar bincike ta tafi-da-gidanka birnin Yamai, har da na'urar lida mai auna ƙura, ta yi shekara guda tana tattara bayanai a kan hazon hunturu da gajimare, sannan aka ɗauke ta zuwa wata nahiya. Aikin ya amfani kimiyya, babu musu, amma mu fili kawai muka bayar.

A gwada wannan da abin da Indiya ta yi a shekarar 1963 ɗin nan. Masaninta Vikram Sarabhai ya lura cewa wani ƙauyen masunta mai suna Thumba a Jihar Kerala yana kusa da layin maganaɗisu. Aka mayar da cocin ƙauyen ofis da ɗakin gwaji, ana ɗaukar sassan roka a kan keke. Ranar 21 ga Nuwamban 1963 aka harba roka ta farko, wadda Amurka ta bayar, ɗauke da kayan gwaji na Faransa, don nazarin iskar sama. Kayan na aro ne, amma Indiyawa suka tsaya kai da fata cewa 'ya'yansu ne za su haɗa, su harba, su karanta sakamakon. Cikin samarin da suka yi aiki a wurin akwai A.P.J. Abdul Kalam, wanda ya zama shugaban ƙasa daga 2002 zuwa 2007. Ranar 23 ga Agustan 2023, daidai shekara 60 da wayar Ɓalewa da Kennedy, kumbon Indiya ya sauka a duniyar wata. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Indiya ba ta jira ta gama da talauci ba kafin ta fara, kuma jarin da ta fara da shi matsayin wani ƙauye ne a taswira.

Mu dawo ga tambayar da na ajiye. A daren Juma'a, 11 ga Disambar 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. Ya kamata mu riƙa tuna cewa makarantar kimiyya ce. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can likitoci da injiniyoyi suke fatan samu, kuma cikin abin da aka sace a wannan dare har da amincewar iyaye ga karatun kimiyya. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni mutane na yin doguwar tafiya don buga waya ko karɓar kuɗi. Duk wanda ya ga wancan zamani ya san abin da rashin sadarwa ke nufi. Ya kuma kamata ya gane cewa inda aka kashe turakun ƙasa, ko 'yan ta'adda suka lalata su, babu hanyar da ta rage wa soja da likita da ɗan kasuwa sai ta sama. Lokacin da kumfan nan ke rikita saƙon taurari, wato farkon dare, lokaci ne da jami'an tsaro ke matuƙar buƙatar saƙo marar tangarɗa. Saboda haka binciken iskar sama wani reshe ne na tsaro, ko da yake ba ya ɗaukar bindiga.

Wani hanzari ba gudu ba, ba ina kira ne da a ba da kwangilar sayo lidar hiliyam gobe ba. Na'ura ce mai tsada, tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa da ƙwararrun da za su kwana a kanta, kuma tana buƙatar sarari garau. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe mana sama, daga Yuni zuwa Satumba kuma hadari da gajimare su karɓa. Mun sha ganin na'urori masu tsada a jami'o'i da asibitocinmu suna ruɓewa cikin akwati, domin an saye su ne saboda kason da ke cikin kwangilar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Darasin da ke cikin aikin Jamusawa shi ne, ana iya sanin sama daga ƙasa, don haka wanda ke da wurin da ya dace da mutanen da suka iya, yana da abin ciniki a hannunsa. Wurin muna da shi, mutanen ne za mu gina, kuma akwai matakan da ba su fi ƙarfinmu ba.

Na farko, a fara da ƙananan na'urori: mai auna maganaɗisu, da mai auna yamutsewar saƙon GPS, da kyamarar da ke ɗaukar hoton sama baki ɗaya da dare. Dukkansu suna aiki da hasken rana, kuma kuɗin saiti guda bai kai na motar alfarma ɗaya daga cikin waɗanda ake raba wa masu muƙami ba. Ofishin Babban Mai Safiyo na Tarayya ya riga ya kafa tashoshin GPS na dindindin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Abin da ya rage shi ne a cike tsakani, a ja layi daga Zariya ya bi ta Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara zuwa Katsina, in da hali har Maraɗi. A kafa su a cikin makarantun sakandare, da ta kimiyya ta Ƙanƙara a kan gaba, ɗalibai su riƙa duba su suna rubuta abin da suka nuna. Da yake ɗan majalisar wakilai ɗaya ne ke wakiltar ƙananan hukumomin nan uku, wannan aiki ne da zai shiga cikin ayyukan mazaɓa ba tare da wahala ba.

Na biyu, a mayar da ƙurar da ke hana mu ganin sama abin bincike. Ƙaramar lida mai auna ƙura ta fi ta hiliyam araha nesa ba kusa ba, kuma amfaninta a fili yake: ga jiragen da hazo ke hana sauka a Kano da Katsina kowace shekara, da kuma likitocin da suka san cewa cutar sanƙarau ta fi ɓarkewa a lokacin ƙura da zafi. Ɗalibin da ya ƙware a kan lidar ƙura ya riga ya koyi rabin aikin lidar hiliyam. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Ahmadu Bello za su iya haɗa kai su nemi tallafin asusun TETFund a kan wannan, maimakon kowace ta riƙa jan nata zaren.

Na uku, duk baƙon da zai kawo na'ura a yi masa maraba, amma da sharaɗi a rubuce: kwafin bayanan ya zauna a jami'armu, ɗalibanmu su yi digirinsu a kai, kuma idan wa'adi ya cika na'urar ta zauna. Tun ran gini ran zane.

Na huɗu, kuma a nan ne fannin da nake koyarwa, wato kimiyyar harshe, ya shigo, dole ne a yi wa jama'a bayanin wannan aiki da harshensu. Na'urar da ke kallon sama dare da rana a bayan gari, wadda babu wanda ya gaya wa mai unguwa da liman abin da take yi, ba za ta daɗe ba za a ce ta leƙen asiri ce. Mun ga abin da rashin bayani ya jawo wa rigakafin shan inna a 2003 da 2004. Harshen Hausa bai gaza ba. Tun a 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fara fitar da littafin Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa, kuma tun kafin nan ƙasar Katsina ta haifi Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Manomin Faskari da ke lissafin damina da fitowar kaza da 'ya'yanta ba baƙo ba ne ga duban sama. Abin da ya rage shi ne malaman kimiyya da na harshe su zauna tare, su daidaita kalmomi, gidajen rediyo su yaɗa su. Abin da mutane suka san sunansa da amfaninsa, su ne za su tsare shi.

Ba na da'awar cewa na'urar auna maganaɗisu za ta kori ɗan bindiga daga daji. Wannan aikin gwamnati ne da jami'an tsaro, kuma ba za mu daina matsa musu ba. Amma yankin da gwamnati ba ta da komai a cikinsa sai shingen bincike a kan hanya, yanki ne da aka sallama a zuci. Idan aka ajiye abin da duniya ke buƙata a Ƙanƙara, aka ɗora 'ya'yan wurin a kansa, an ƙara wa hukuma dalilin tsare wurin, an kuma ba yaro dalilin komawa aji. Yaran da aka kora cikin daji a 2020 yanzu sun zama samari, ƙannensu ne ke kan benci. Haƙƙinsu ne a kanmu a san makarantarsu da wani abu ban da wancan dare.

Rana za ta lafa cikin 'yan shekaru masu zuwa, sannan ta sake tasowa a tsakiyar shekarun 2030, lokacin da yawan taurarin da ke samanmu zai ninka na yau. Tsakanin yanzu da lokacin akwai isasshen sarari na horar da ɗalibi daga aji ɗaya na sakandare har ya kammala jami'a. Ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina, da Masarautar Katsina da hakimanta na wannan yanki, da jami'o'inmu, su ɗauki matakin farko tun yanzu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kuma ba mu shugabannin da za su san darajar abin da Ya ajiye a saman kawunanmu.